A Riƙa Faɗa Wa Mai Girki Dalili, Ba Jerin Kayan Haɗi Kaɗai Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ku ba ni fili in yi tsokaci a kan shafin girke-girke, musamman yadda ake gabatar da abincin yankunan duniya daban-daban ga masu girki a gida. Shafin yana da amfani, kuma masu shirya shi sun cancanci yabo, amma akwai giɓi guda da ya kamata a cike. Ana jero kayan haɗi, a ce a jiƙa wannan, a tafasa wancan na minti kaza, a sauke, ba tare da an faɗi abin da ya sa ake yin hakan ba. A ganina, abin da ya sa girkin kowane yanki ya zama nasa shi ne hanyar da mutanen wurin suke sarrafa abin da suke da shi, kuma kowace hanya akwai dalilin da ya haife ta. Uwargidan da aka ba ta jeri aka ɓoye mata dalili, ba za ta san matakin da za ta iya tsallakewa da wanda tsallake shi zai ɓata tukunya ko ya cutar da iyali ba.

Tarihin masara ya isa hujja a kan wannan. Asalin masara ƙasar Meziko ce, kuma tun dubban shekaru mutanen can ba sa niƙa ta haka nan. Sai sun dafa ta a ruwan toka ko ruwan ƙonanniyar farar ƙasa, su bar ta ta kwana a ciki, su wanke, sannan su niƙa. Wannan aiki yana saɓule dusar, yana sa ƙullun ya kama jikinsa har a iya murza shi a yi faifan gurasar da suke kira tortilla, kuma, ba tare da su kansu sun san sunan abin ba, yana kwance sinadarin nayasin, wato bitamin B3, wanda yake ɗaure a cikin ƙwayar ta yadda hanjin mutum ba ya iya zuƙarsa. Bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, Turawa suka kwashi irin masara zuwa ƙasashensu, suka bar hanyar dafa ta a baya, don sun ɗauka wata al'ada ce kawai ta mutanen da suka raina. Masara ta karɓi ƙasa, ta yi araha, ta zama cimar talakawa safe da yamma, sai ga wata cuta ta ɓulla: fata ta ƙone ta tsattsage duk inda rana take taɓawa, gudawa ta biyo baya, hankali ya gushe, a ƙarshe mutum ya mutu. Likita Gaspar Casal ya bayyana ta a yankin Asturiyas na Sifaniya a 1735, daga nan aka gan ta a arewacin Italiya, inda manoma suke rayuwa a kan faten masara, kuma a can ta sami sunan da aka san ta da shi, pellagra. A jihohin kudancin ƙasar Amurka, tsakanin 1906 da 1940, an ƙiyasta cewa ta kama mutum kusan miliyan 3, ta kashe kimanin 100,000. Likitoci sun daɗe suna neman ƙwayar cuta da babu ita, har sai da Joseph Goldberger, wanda ya fara bincikensa a 1914, ya nuna cewa matsalar daga cima take, sannan Conrad Elvehjem ya gano a 1937 cewa nayasin ne abin da ya ɓace. Duk wannan wahala ta fiye da shekara 200 ta samo tushe ne daga mataki ɗaya na girki da aka ga kamar ba shi da muhimmanci.

Rogo mai ɗaci ma haka labarinsa yake. Mutanen dajin Amazon da suka fara noma shi sun san sai an gurza, an jiƙa, an matse ruwan, an soya ko an shanya kafin gubar da ke cikinsa ta fita, kuma duk inda yunwa ko yaƙi suka sa mutane suka gajarce wannan aiki, ana ganin cutar shanyewar ƙafafu da ake kira konzo, wadda aka fara bayyanawa a Kongo a 1938. Jan wake irin mai siffar ƙoda, wanda ake yawan gani a girkin Meziko da na arewacin Indiya, yana da tasa gubar da ƙwaya huɗu ko biyar marasa dahuwa sun isa su jawo amai da gudawa. Maganinta shi ne a jiƙa shi sa'o'i, a zubar da ruwan, a tafasa shi da wuta mai ƙarfi na aƙalla minti 10 kafin a rage wuta. Wanda ya zuba shi ɗanye a tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, wadda sau da yawa zafinta ba ya kai wa ga tafasa, ya jefa kansa cikin haɗari. Jimla ɗaya a ƙarƙashin girkin ta isa ta kare mai karatu daga wannan.

Ko an bar maganar lafiya, ɗanɗano kansa yana bin dalili. A ɗauki shinkafa, wadda kusan rabin mutanen duniya suke ci. Tambayar ko a wanke ta ko kada a wanke ba ta da amsa ɗaya, domin ya danganta da abin da ake so sitacinta ya yi. A Iran ana son kowace ƙwaya ta tsaya ita kaɗai, saboda haka sai su zaɓi doguwar shinkafa, su wanke ta sau da yawa, su jiƙa ta a ruwan gishiri, su ɗan tafasa ta, su tace, sannan su mayar da ita tukunya su turara da murfin da aka naɗe da ƙyalle don kada gumi ya ɗigo a kanta; ƙanzon da yake fitowa a gindin tukunyar kuwa shi ne abin da ake fara miƙa wa baƙo. A kwarin kogin Po na arewacin Italiya abin da ake nema kishiyar wannan ne: gajeriyar shinkafa ce mai yawan sitaci, ba a wanke ta ko kaɗan, ana ɗan soya ta a man shanu, ana zuba romo mai zafi ludayi bayan ludayi ana juyawa na kusan minti 18, domin sitacin ya fito ya yi kauri ya haɗe ƙwayoyin. A Balensiya ta Sifaniya ita ma gajeriya ce, amma ana baza ta a faffaɗan kasko mara zurfi, kuma da zarar an zuba romo ba a ƙara taɓa ta da cokali. A Japan ana wanke ta tas, a dafa ta ba gishiri ba mai, ta ɗan manne yadda tsinken cin abinci zai iya ɗauka. Idan aka bai wa uwargida girkin Italiya aka ce ta yi amfani da shinkafa kawai, ta ɗauko doguwa ta wanke kamar yadda ta saba, abin da zai fito ba zai yi kama da wanda aka nuna a hoto ba, kuma ƙarshenta ta ɗora laifin a kan hannunta alhali laifin na wanda ya rubuta ne.

Wuta ma tana da ƙa'idarta da ba ta canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Launin ja-ja da ƙamshin da nama ko albasa ko burodi suke yi idan sun ji zafi suna fitowa ne daga haɗuwar sukari da sinadaran furotin, abin da masanin Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma ba ya kankama sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140 a ma'aunin Selsiyus. Ruwa kuwa yana tafasa a digiri 100, ba ya wuce nan. Ma'anar wannan a madafa ita ce, muddin akwai ruwa a saman nama, dahuwa yake yi ba suya ba. Shi ya sa ake tsane nama kafin a saka shi a kasko, kuma shi ya sa ba a cika kasko maƙil, don idan yankan sun yi yawa sai su saki ruwan da ya fi ƙarfin wutar. Masu girkin kudancin China suna yanka komai ƙanana, su shirya shi a gefe tun kafin a kunna wuta, su soya kaɗan-kaɗan cikin 'yan mintoci a kasko mai zurfi da ya yi zafi ƙwarai. Wanda ya kwaikwayi kayan haɗinsu ya juye su gaba ɗaya a kan murhu mai rauni, miyar kayan lambu zai samu. A Indiya kuma akan jefa kayan ƙamshi a mai ko man shanu mai zafi na 'yan daƙiƙoƙi kafin a haɗa su da sauran girki, saboda yawancin ƙamshin da ke cikinsu a mai yake narkewa ba a ruwa ba, kuma tsakanin fitowar ƙamshin da ƙonewarsa ƙiftawar ido ce. A Habasha ana fara dafa albasa mai yawa a busasshiyar tukunya, a daɗe ana juyawa har ta narke, sannan a sa mai, kuma wannan narkakkiyar albasar ce take ba miyar kaurinta. Masu girki a waɗannan wurare ba su taɓa haɗuwa ba, amma dukkansu da wuta ɗaya da ruwa ɗaya suke fama.

A nan ina so in saɓa wa wasu masu rubuce-rubucen girki da suke tsananta maganar asali, har su ce duk wanda ya sauya ƙwayar abu ɗaya ya ci amanar girkin. Tarihi bai goyi bayansu ba. Tumatir, barkono, dankalin turawa, masara, rogo, gyaɗa da koko duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma babu tukunya ɗaya a Turai ko Asiya ko Afirka da ta san su kafin ƙarshen ƙarni na 15. An fara ambaton tumatir a rubuce a Italiya a 1544, amma sai a shekarun 1690 aka buga girkin miyarsa a birnin Naples, taliya da miyar tumatir kuwa, wadda yau duniya take ɗauka ita ce tambarin Italiya, sai a wajen farkon ƙarni na 19 ta bayyana a littattafan girki. Barkono ya shiga Indiya ne a jiragen Fotugal bayan Vasco da Gama ya isa Kalikut a 1498. Kafin nan yajin ƙasar daga baƙin masoro da danginsa yake fitowa. Koriyawa sun daɗe suna tsima kayan lambu da gishiri kafin jan barkono ya iso musu, kuma suyar tempura ta Japan daga 'yan Fotugal aka koyo ta a ƙarni na 16. Abin da ya faru a ko'ina shi ne baƙon abu ya zo, mutanen gida suka saka shi cikin hanyar da suka riga suka iya, bayan zuriya biyu ko uku ya zama ɗan gida. Saboda haka uwargida tana da 'yancin musanya abin da ba ta samu ba, sharaɗin dai ta san aikin da abin yake yi a tukunyar. Idan tsami yake kawowa, lemon tsami ko tsamiya ko ruwan khal za su iya tsaya wa juna. Idan kauri yake kawowa, sai a nemi mai kauri. Idan kuwa shi ne ƙashin bayan girkin, kamar gajeriyar shinkafar da na ambata, to gara a haƙura a dafa wani abu daban.

Wani abin da yake rikita mai karatu shi ne kiran abinci da sunan ƙasa ɗungurungum. Babu wani abu guda da za a kira abincin Indiya, ƙasar da mutanenta suka haura biliyan 1.4: arewa tana cin gurasar alkama da man shanu da nono, kudu tana cin shinkafa da kwakwa da tsamiya da wainar ƙullun da aka tsima, Bengal kuma kifi ne da man mastad. Garin kori na kanti, wanda mutane da yawa suke zaton shi ne sirrin girkin ƙasar, haɗi ne da aka shirya don kasuwar Ingila. A gidajen Indiya kowane girki da nasa haɗin. China ta rabu biyu a kan layin tsaunukan Qinling da kogin Huai, arewa alkama da taliya, kudu shinkafa, kuma yajin Sichuan mai sa leɓe ya yi sanyi ba shi da alaƙa da sassauƙan turaren kifi na Kanton. Italiya ma, wadda ba ta zama ƙasa ɗaya ba sai a 1861, arewarta man shanu ne kudancinta man zaitun. Ruwan sama, sanyi, nisa da teku da abin da ƙasa take iya fitarwa su ne suka shata waɗannan iyakoki, ba 'yan siyasa ba. Idan shafin zai riƙa faɗin yankin da girki ya fito, tare da jimla biyu a kan yanayin wurin, mai karatu zai fahimci abin da ya sa aka yi amfani da wannan mai ba wancan ba.

Sai maganar awo, wadda take da sauƙin gyara amma ake sakaci da ita. Kofi ba ɗaya ba ne a duniya: na Amurka kimanin mililita 240 ne, na Ostireliya 250, na Japan 200, kuma babban cokali da yake mililita 15 a yawancin ƙasashe, a Ostireliya 20 ne. Ko kofi ɗaya aka yi amfani da shi, fulawar da ke ciki tana iya zama giram 120 ko 150, gwargwadon yadda aka danna ta. A miya wannan bambanci ba ya damun kowa, domin harshe zai gyara, amma a kek da burodi shi ne yake raba mai laushi da mai tauri. Ya kamata duk girkin da ya shafi gashi a rubuta shi da giram. Mintoci ma ba abin dogaro ba ne, tun da murhu ya bambanta da murhu, tukunya ta bambanta da tukunya, har tsayin gari yana da tasiri: duk hawan mita 300 yana rage zafin tafasar ruwa da kusan digiri ɗaya, ta yadda a La Paz ta Bolibiya ruwa yana tafasa a wajen digiri 88, wake ya daɗe bai nuna ba. Ya fi amfani a gaya wa mai girki alamar da za ta gani, ko ƙamshin da za ta ji, ko ƙarar da mai zai yi, sannan a ba ta mintocin a matsayin ƙiyasi. Da yake na ambaci wake, bari in ƙara da cewa tsami yana hana shi nuna, don haka tumatir sai waken ya yi laushi ake zubawa. Sodar girki tana saurin tausasa shi, sai dai tana lalata wani kaso na bitamin B1 da ke cikinsa.

Dunƙulen ɗanɗano ma ya cancanci a yi masa adalci. A 1908 masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano cewa garɗin romon ciyawar teku da mutanensa suke sha daga sinadarin gulutamet yake fitowa, kuma shi ne dai yake cikin nunannen tumatir, tsohon cuku, naman kaza mai tsirowa a ƙasa, ruwan waken suya da aka tsima, da ruwan kifin da ake tsimawa a Tailan da Biyetnam, wanda Rumawa ma suna da irinsa shekara 2,000 da suka wuce. Wato kusan kowane yanki ya gano tasa hanyar samun wannan garɗi da ake nema a dunƙule, kuma kowace hanya tana zuwa da nata ƙamshin na daban. Ba na cikin masu cewa dunƙulen guba ne. Damuwata da shi biyu ce: yana sa girkin ƙasashe goma su fito da ɗanɗano ɗaya, kuma babban kaso na nauyinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya. Duk girkin da aka sa masa dunƙule, ya kamata a tuna wa mai karatu ya ɗanɗana kafin ya ƙara gishiri.

Na san za a ce fili ya yi kaɗan, kuma mai karatu yana gaggawa. Amma abin da nake roƙo bai wuce layi uku ko huɗu a ƙarƙashin kowane girki ba, kuma akwai misalin da ya nuna cewa masu karatu suna son a yi musu bayani. A 1891 wani tsohon ɗan kasuwa mazaunin birnin Florence, Pellegrino Artusi, ya buga littafin girki da kuɗin aljihunsa bayan masu ɗab'i sun ƙi karɓa. Girki 475 ne a bugun farko, kowanne sai da masu dafa masa abinci biyu suka gwada shi a madafar gidansa, kuma ya rubuta su kamar yana hira, yana faɗin inda girkin ya fito da inda ake yawan kuskure. Matan gida daga yankuna daban-daban suka riƙa aiko masa da wasiƙu da nasu girke-girken, yana gwadawa yana ƙarawa, har suka kai 790 kafin rasuwarsa a 1911, kuma har yau ana buga littafin. Hukumar UNESCO ma, da ta fara shigar da al'adun abinci cikin jerin gadon duniya a 2010 da girkin Meziko da walimar Faransawa, ta bi su da haɗuwar tsima kabeji ta Koriya a 2013 da kuskus na Aljeriya, Maroko, Muritaniya da Tunisiya a 2020, ilimin da ke hannun masu yin abincin da yadda suke koya wa na baya ta karrama, ba takardar kayan haɗi ba.

Don haka ina ba da shawarar kada a buga girki sai wani a cikin masu shirya shafin ya dafa shi da hannunsa a kan murhun gida irin na kowa, a rubuta yankin da ya fito, a nuna matakin da ba a tsallakewa da dalilinsa, a kuma faɗi abin da za a iya musanyawa da abin da ba za a iya ba. Zai yi kyau kuma a ware wani lungu na shafin don tambayoyin masu karatu, mata da maza, a kan abin da ya ƙi yi musu daidai, kamar kek da ya faɗa a tsakiya ko naman da ya yi tauri bayan doguwar dahuwa, a amsa musu a fitowa ta gaba tare da bayanin abin da ya jawo hakan.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Taku mai karatu a kullum.